Hannun Inna Asta da Rantsuwar Gado

Akwai wani direba da ake kira Gado, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, amma duk mai bin hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ya san shi. Wata tsohuwar mota gare shi wadda kullum kayanta sun fi ƙarfinta. Gado ba mugu ba ne a asali. Sai dai Allah ya yi shi da gaggawa da zafin zuciya, ga kuma ganin babu abin da bai iya ba. In mota ta tsaya shi ne makaniki, in rigima ta tashi a tasha shi ne alƙali, in wani ya ce kansa na ciwo to shi ne likita.

Mahaifiyarsa, Inna Asta, a ruga ta tashi, aure ne ya kawo ta gari. Sana'arta fura, kuma duk ƙauyen an yarda babu hannun da ya kai nata iya cuɗa ta. Gado ne ɗan farinta, kun kuwa san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Mai mota" take ce masa, shi ma ba da shi take maganar ba. In tana da saƙo sai ta juya wajen matarsa Mubaraka ta ce, "Ki ce ma Mai mota ya sawo gero," ko da kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana ji.

Shi ma daga bakin ƙofar yake gaishe ta, ba ya shiga ɗakinta. Gado yana alfahari da wannan ƙwarai. Yakan buga ƙirji a tasha ya ce irin kunyar uwarsa ta ƙare a duniya.

Wata shekara bayan girbi, wasu ƙuraje suka feso wa Inna Asta a gefe ɗaya na goshi, masu zafi kamar an ɗora garwashi. Aka shafa wannan aka shafa wancan, abu sai gangarowa yake yi wajen ido. Da fatar idon ta kumbura ta rufe, Gado ya ɗauke ta da Mubaraka ya kai su wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ƙaura.

Likita ya duba ya ce tsohuwar ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farka a jikinta, kuma in aka yi wasa za ta tafi da idon. Ya ba ta gado, ya rubuta maganin ƙwayar cutar wanda ake zubawa cikin ledar ƙarin ruwa ya bi ta jijiya.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin wani matashi ne ɗan Ƙaura mai suna Shamsuddeen. Ba shi da yawan magana, amma akwai shi da nanata abu. Duk lokacin da ya rataya leda sai ya faɗi magana ɗaya.

"Maganin nan yana da kaifi ƙwarai. A jijiya kawai yake magani, in ya zube a nama ƙona shi yake yi. Shi ya sa muke barinsa ya sauka a hankali. In kun ga ya tsaya da ɗiga, ko Inna ta ji zafi a wurin allurar, kada a taɓa komai, a kira ni."

Mubaraka ta riƙe maganar. Gado kuwa, in ya leƙo, sai ya taɓe baki ya ce yaron nan ya cika iyayi.

Allah ya sa magani ya karɓe ta. Ƙuraje suka bushe, ido ya buɗe. Jijiyoyin hannun hagu sun gaji da huji, sai aka mayar da allurar bayan hannun dama. Ranar sallama ta zo, saura leda ɗaya ta ƙarshe.

To a nan ne gaggawar Gado ta tashi. Kowa ya san hanyar nan, da la'asar ta yi mai hankali ba ya hawanta saboda ɓarayin daji. Yana son ya kai su gida ya dawo Ƙaura da sauran rana, don washegari kasuwar Shinkafi ce kuma ya riga ya yi lodi. Ya aiki Mubaraka ta je ta harhaɗa kwanuka ta kai mota. Shamsuddeen ya rataya leda, ya sake nanata maganarsa, sai ga shi an shigo da mutanen da suka yi haɗarin babur, aka kira shi da gudu.

Ɗaki ya rage daga Gado sai uwarsa. Ita ta juya fuska bango, shi yana zaune yana kaɗa ƙafa yana duban leda.

Can sai ruwan ya rage gudu, daga nan ya tsaya cak. Allurar ce ta goce daga jijiya lokacin da tsohuwar ta gyara kwanciya, amma Gado bai san wannan ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Shi a wurinsa tiyo tiyo ne. In tiyon mai ya toshe a mota ai ba a kiran kowa, ɗan bugu ake yi masa a matsa. Ya tashi ya ɗanɗanƙwashe igiyar ƙarin ruwan da yatsa, ya murza ɗan maɓallin ya buɗe shi gaba ɗaya. Da ya ga bai gamsu ba, sai ya sa hannu biyu ya kama ledar ya rinƙa matsawa.

Ruwa ya tafi kuwa, amma ba cikin jijiya ba.

Inna Asta ta ji kamar ana tsiyaya mata tafasasshen mai a ƙarƙashin fata. Ta ciji leɓe, ta ja mayafi ta rufe hannun. Jama'a, ni abin da ke ƙona mini rai ke nan a labarin nan. Kalma ɗaya ce za ta faɗa, "bari," shi ke nan. Amma babu Mubaraka a ɗakin da za a ba saƙo, kuma matar da ta haihu ba ta yi ƙara ba, ba za ta yi raki a gaban ɗan farinta ba. Haka ta yi shiru, hawaye na bin gefen idon da aka sha wahalar cetowa, har ledar ta ƙare.

Da Shamsuddeen ya dawo ya ga leda wayam sai ya yi turus.

"Har ya ƙare? Wani ya taɓa ne?"

Gado ya ce, "Wa za shi taɓawa? Magani ya shige, ciro allurarka mu kama hanya."

Shamsuddeen ya nemi izini ya ɗaga mayafin. Bayan hannun ya kumbura ya yi tauri, fatar ta yi fari-fari. Ya zare allurar da sauri.

"Inna, yana miki zafi?"

Ta ɗan saci kallon inda Gado yake tsaye, ta ce, "Babu komi, ɗana."

"Akwai komai, Inna. Maganin ya zube a nama. Malam Gado, don Allah ka bar ta ta kwana likita ya gani. Irin wannan ba ranar farko yake nuna ɓarnarsa ba."

Gado ya ce ko kusa. Ya ce an sallame su, kuma shi ba zai kwana a Ƙaura a kan kumburin allura ba. Shamsuddeen ya bi su har mota yana roƙo. Da ya ga ba ci, sai ya ce a rinƙa ɗaga hannun sama, kada a shafa masa komai, in ya yi bororo a dawo da ita nan take. Ya ba Mubaraka lambar wayarsa.

Ba a jima ba hannu ya tashi. Da fari bororo ne manya masu ruwa, suka fashe, sai fatar ta yi baƙi ta fara mutuwa. Wari ya soma fita daga ɗakin. Ranar da Mubaraka ta fito da tsohuwar tsakar gida ta buɗe hannun don Gado ya gani, sai da ya dafa bango.

Na tabbata a wannan lokacin zuciyarsa ta tuna masa ledar da ya matsa. Amma mutum irin Gado ba ya zama da irin wannan tunanin, nan da nan yake nema masa wani mai shi. Ya tuna Shamsuddeen da bakinsa ya ce magani ya zube a nama. To wa ya sa allurar? Shi ke nan, ya samu mai laifi.

Ya ɗaga murya yadda har maƙwabta suka ji.

"Wallahi tallahi yaron ga bai ci banza ba! Hannu yac ci, kuma da hannu za shi biya. Kuma duk wanda ya sake kai Inna wurinsu, ko ya kira shi, ni da shi na!"

Inna Asta ta ja mayafi ta rufe hannunta. Ta ce wa Mubaraka, "Ki ce ma Mai mota ya bar ma Allah."

Ina! Gado bai bar wa Allah ba. Ya je asibitin ya yi ta zage-zage har sai da masu gadi suka fitar da shi. Likita ya ce a kawo tsohuwar a yi mata aiki kyauta, Gado ya ce so suke su ƙarasa ta. Ya kai ƙara, aka ce ya kawo marar lafiyar a gani, ya ƙi. A tasha kuwa ba shi da hira sai ta Shamsuddeen. Duk fasinjan da ya shiga motarsa, daga Ƙaura har Shinkafi sai ya sha labarin nas ɗin da ya ƙone hannun tsohuwa. A gida kuma wani mai kemis ya kawo yana barbaɗa wa ciwon hoda, ciwo kuwa sai zurfi yake ƙarawa.

Mubaraka ta ga in ta biye wa mijinta hannun nan yankewa za a yi. Ta faki ido ta ɗauki hoton ciwon ta tura wa Shamsuddeen. Bai ɓata lokaci ba ya kira ta.

"Na nuna wa likita. Ya ce dole a rinƙa cire mataccen naman ana wankewa, in ba haka ba zai ci jijiyoyin yatsu. Ku kawo ta."

"Ya rantse, Malam. In na hito da ita aurena ya mutu."

Shamsuddeen ya san duk abin da Gado ke faɗa a kansa. Ya kuma san a ɗakinsa abin ya faru, kuma ya bar tsohuwar da leda ya tafi, ko da yake aiki ne ya kira shi. Abin yana cin ransa. Ya ce, "To ni zan zo."

Suka shirya. Inna Asta tana da ƙane a bakin gari, ta bayan ƙauyen. Duk ranar da Gado ya yi Shinkafi, sai Mubaraka ta raka ta can kamar ziyara. Shi kuma Shamsuddeen, don kada direbobi abokan Gado su gan shi a titi, sai ya rinƙa bin ƴar hanyar daji da babur, da jakar magani goye a baya. Ya wanke, ya cire abin cirewa, ya naɗe da bandeji, ya koma kafin rana ta yi sanyi.

Ciwo ya fara ja, sabon nama ya soma tasowa. Gado bai sani ba, domin daga bakin ƙofa yake gaisuwa, hannun kuma kullum yana cikin mayafi.

Wata rana a tashar Ƙaura wani ɗan acaɓa ya zauna kusa da shi ya ce, "Gado, mutumin nan naka hwa ina gamuwa da shi hanyar daji, da jakar allurai. Ba sau guda ba."

Gado ya juyo a hankali. "Hanyar daji? Da jakar magani?"

"Da idona."

Ku da kuke yankin nan kun san abin da wannan maganar ke nufi. A wurin da mutanen daji suka hana kowa barci, babu kalmar da ta kai "infoma", wato mai yi wa ɓarayin daji aiki a ɓoye, saurin kashe mutum. Gado ya san haka sarai. Bai bincika ba, bai ma so ya bincika ba. Daɗi ne ya kama shi, irin daɗin da bai ji ba tun da abin ya faru. Ranar ko lodi bai yi ba, ya wuce kai tsaye wurin Maccido, shugaban ƴan sa-kai na yankinsu.

Maccido mutum ne da ya binne ƴan'uwa da yawa, saboda haka ba ya buƙatar dogon bayani. Gado ya ce masa akwai wani nas daga Ƙaura da ke shiga daji yana yi wa ɓarayi ɗinki da allura. Ya ƙara gishiri, ya ce an ga kuɗi a hannunsa da ba na albashi ba. Ya faɗi hanya, ya faɗi kalar babur.

Ranar Shinkafi ta gaba Gado ya fita kamar kullum amma bai yi nisa ba, da hantsi ƴan sa-kai suka tare Shamsuddeen. Suka zazzage jakar, ga almakashi, ga bandeji, ga allurai. Suka karɓe wayarsa, suka kai shi gindin wata tsamiya a bayan kasuwar ƙauyen. Suka mayar da hannuwansa baya suka ɗaure da igiyar roba, irin ɗaurin da gwiwar hannu ke haɗuwa da ƴar'uwarta. Sannan aka aika aka kira Gado.

Kafin Gado ya iso, hannuwan sun fara kumbura. Shamsuddeen yana gumi yana salati. Da ya hango shi sai ya ɗago kai.

"Alhamdu lillahi. Ga ɗanta nan. Ku tambaye shi, Inna Asta nake zuwa wanke wa hannu. Gidan ƙanenta nake zuwa."

Maccido ya dubi Gado. "Ka ji abin da yac ce."

Gado ya yi wata dariya marar daɗi. "Uwata hwa yaka magana. Ni ka kwana gida guda da ita. Wanga da yaƙ ƙone mata hannu shi ne za shi wanke shi? Ƙarya shikai, Maccido. Ya rasa mahita ne."

Ya matso ya tsuguna a gaban Shamsuddeen, ya leƙa hannuwan da suka yi suntum, yatsu sun fara baƙi. Ya ce a hankali, "Ka ji yadda shika yi? Haka taj ji."

Shamsuddeen ya ce, "Malam Gado, ka ji tsoron Allah. A sassauta igiyar nan, hannuna ya mutu."

"Ai shi nika jira."

Rana ta take. Mutane suka taru nesa-nesa suna kallo, babu mai iya cewa uffan, domin duk wanda ya tausaya wa infoma shi ma ya zama infoma. Ƙanen Inna Asta ma da ya ji labari sai ya rufe ƙofarsa ya yi lamo, tsoro ya hana shi fitowa. Maccido ya ce in an yi azahar za a wuce da shi inda ake wucewa da irinsu. Kowa ya san wanda aka kai can ba ya dawowa.

Mubaraka tana gidan ƙanen tare da surukarta, suna jiran mai wankin ciwon da bai zo ba, sai labari ya shigo. Ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Inna Asta ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta gyara mayafi ta nufi ƙofa.

Ƙanenta ya ce, "Yaya, mata ba su zuwa wurin ga."

Ba ta ko waiwaye shi ba.

Mutanen kasuwa suka ga tsohuwa tafe ita kaɗai, Mubaraka na bin ta a baya. Aka dare aka ba ta hanya. Ta wuce ƴan sa-kai da bindigoginsu har gindin tsamiya. Ta dubi Shamsuddeen, ta dubi hannuwansa. Sannan ta yaye mayafinta, ta sa haƙori ta kama bakin bandejin ta warware shi a gaban maza, ta ɗaga hannun sama.

"Maccido, ka san ni?"

"Na san ki, Inna."

"Dubi nan. Naman ga ja da kaka gani, aikin yaron ga na. Ni yaka zo ma. Ni ce ɓarawon dajin da shika ma magani."

Gado ya miƙe, ya dubi Mubaraka yana jiran a ba ta saƙo kamar kullum. Amma Inna Asta ba ta juya wajen Mubaraka ba. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo.

"Gado."

Wata tsohuwa daga can nesa ta ce, "La ilaha illallahu." Duk ƙauyen sun san ba ta taɓa faɗin sunan nan ba.

"Gado, da kai nika. Wa yab buɗe maɓallin? Wa yas sa hannu biyu yam matse ledar? Ina kwance ina jin wuta na shiga hannuna, niy yi shiru don kar in kunyata ka. Ka zo gida kana rantsuwa, niy yi shiru. Ka bi gari kana ɓata ɗan mutane, niy yi shiru. Ashe kunyar da nika ji maka, rai za ta ci. To na aje ta yau. Kai kaƙ ƙone min hannu, Gado. Kai, ba kowa ba."

Gado ya zube a ƙasa.

Maccido da kansa ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Hannuwan Shamsuddeen suka faɗo gefensa kamar ba nasa ba. Maccido ya juya ga yaransa, idanunsa sun yi ja, ya nuna Gado ya ce a kawo wata igiyar.

Shamsuddeen ya girgiza kai da ƙyar. "Kada ku ɗaure shi. Ba don na yafe ba, wallahi ban yafe ba. Amma na san abin da igiyar nan ke yi wa hannu, kuma tsohuwar nan tana buƙatar mai kai ta asibiti. Ni da shi sai gaban Allah."

A motar Gado aka kwashe su su biyun zuwa Gusau, uwarsa da mutumin da ya so ya kashe, suna zaune a baya, kowa da hannunsa a ɗage. Har suka isa babu wanda ya yi masa magana.

Hannun hagu na Shamsuddeen ya dawo. Na dama kuwa igiya ta riga ta taɓa jijiyarsa, yatsun ba su ƙara kama abu da ƙarfi ba. Mutumin da ake kira in an rasa jijiyar jariri, yanzu ko allura ba ya iya riƙewa daidai. Yana nan a asibitin, amma a teburin karɓar marasa lafiya yake zama.

Inna Asta ba a yanke hannunta ba, likitocin Gusau sun ce wankin da aka rinƙa yi ne ya cece shi. Sai dai yatsu sun ƙage, kuma ba ta ƙara cuɗa fura ba.

Gado kuwa babu wanda ya taɓa lafiyar jikinsa. Ya je gidan su Shamsuddeen da dattawa neman gafara, aka karɓe su a zaure, aka ba su ruwa, Shamsuddeen bai fito ba. A tasha aka daina kiransa raba gardama. In ya fara hira sai mutane su tuna suna da uzuri.

Amma ba wannan ne ya fi cinsa ba. Tun daga ranar tsamiya, Inna Asta ba ta ƙara cewa "Mai mota" ba. Ba ta zaginsa, ba ta yi masa baki ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Sunansa kawai take kira, gatsau, a gaban baƙi da a gaban ƴaƴansa, yadda ake kiran kowane yaro a unguwa. Ta kuma hana Mubaraka shafa mata man da likita ya ce a rinƙa murza wa yatsun. Ta ce akwai mai aikin.

Kowace safiya kafin ya fita, maƙwabta sukan ji muryarta ta kan katanga.

"Gado! Zo ka murza min hannun ga."

Sai ya ajiye makullin mota, ya shiga ɗakin da a da yake alfaharin bai taɓa shiga ba. Ya durƙusa ya karɓi hannun, ya rinƙa miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa su lanƙwashe. Ita kuma tana kallon fuskarsa, ba ta ƙara juya kai bango ba.

Ya taɓa gaya wa wani abokinsa cewa da ma ranar nan Maccido ya ɗaure shi, da ya fi masa sauƙi.

Darasi: Kafin ka tashi ramuwa, ka fara tambayar kanka ko da hannunka a cikin ɓarnar, domin mai neman wanda zai ɗora wa laifinsa yakan hallaka wanda ke taimakonsa. Kada ka jefi kowa da kalmar "infoma" don huce haushi, rai take ci. In an sa wa naka ƙarin ruwa, kada ka murza, kada ka matsa, in ya tsaya ko wurin ya kumbura ko ya yi zafi ka kira ma'aikaci nan take. Ku kuma iyayenmu, kunya ado ce, amma ba a gadon asibiti ba, in ya yi zafi ku faɗa. Ka tura wa duk wanda ka san yana jinyar wani, wataƙila ka ceci hannu, ko ma rai.